Wayar Alli

Shekara ashirin da biyu ina koyar da ilmin lantarki
a ajin da ƙwan fitila bai taɓa kamawa ba.
Soket ɗin bango, zanzaro ya gina ɗaki a ciki.
Alli ne wayata:
in ja layi, in karya shi, in ce ga batir,
in yi da'ira, in ce ga ƙwai,
yara saba'in su amsa, "Mun gani, Malam."
Ba su ga komai ba. Ni ma na sani.

Ɗakin gwaji yana bayan ofishin shugaba,
makullinsa ya bi wani malami ritaya.
Ta taga muke leƙen kwalabe
da ma'aunin da gizo-gizo ya naɗa wa rawani.
Ranar da masu duba makarantu za su zo
aka fasa kwaɗon, aka share, aka jera.
Kafin la'asar an sayo sabon kwaɗo.

Rabe ne zakaran ajina.
Ƙarfin wuta, gudunta, turjiyar waya,
yana zubo su kamar ruwan indararo.
Mannir kuwa can kujerar baya,
aljihu cike da gawar tocila.
Na ba shi sha tara bisa ɗari,
na rubuta da jan biro: ba ya mai da hankali.

Bara, da bazara ta matsa,
na kwashi adashi na sa sola a gidana na Sabuwar Unguwa.
Wata uku ta yi, ta ɗauke.
Aka ce akwai wani yaro wajen Ƙofar Ƙaura, hannunsa na da kyau.
Sai ga Mannir a babur, tsani a kafaɗa.
Ya rusuna ya gaishe ni, ya haye rufi,
ya bar ni a ƙasa da digirina, ina riƙe masa tsani.

Ya sauko da guntuwar waya, baƙa, ta narke.
"Malam, ta yi siriri, kaya sun fi ƙarfinta.
Ai kai ka faɗa mana, turjiya.
Ban gane ba sai ran da wuta ta fizge ni a shagon maigidana,
ina zaune daɓas a ƙasa, sai na ga allonka."
Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Na tambayi Rabe.
Ya ce wani kamfani ya nemi ma'aikata, su biyu suka je.
Shi aka ce ina takarda, ya juyo daga bakin ƙofa.
Rabe ya shiga da takardu cikin leda,
aka miƙa masa mita, aka nuna masa batir,
ya tsaya yana juya jar waya da baƙa.
Yanzu yana ƙarƙashin lema a Ƙofar Marusa,
yana cire wa mutane kuɗi da ɗan inji.

Daren nan fanka ta juya, barci bai zo ba.
Mutum guda kamfanin nan yake nema,
ni na tsaga shi biyu da jan biro.

Ran Litinin ban ɗauki alli ba.
Na zo da narkakkiyar wayar nan,
da batir biyu na rediyona,
da ƙwan tocilar da Mannir ya ƙi karɓar kuɗinsa.
Na ce wa zai gwada?
Aji ya yi tsit, har Baraka ta taso daga layi na uku,
ta naɗe hannun hijabi,
ta haɗa, bai kama ba.
Ta ciji leɓe, ta kankare bakin wayar da farce,
ta sake dannawa.

Haske ya fito, bai fi ƙwayar gero ba.
Na baya suka hau benci.
Kai saba'in a kan tebur ɗaya,
kuma babu wanda ya ce, "Mun gani, Malam."