Zabirar Kaka

Gidanmu na bakin ruwa ne, a Yauri,
inda kwale-kwale ke kwana da hanci cikin laka.
Wanzamai ne mu tun kaka da kakanni.
Zabira ɗaya, aska uku, ƙaho biyu,
da dutsen washi da tsakiyarsa ta lotsa.

Kaka Ɗangwaggo ne ya buɗe hanya.
Farin idonsa ya koma rawaya,
ciki ya taso kamar na mai wata tara,
ƙafa ta ƙi takalmi.
Aka ce maye ya kama kurwa.
Aka yi turare, aka yanka zakara,
ya tafi ana yankan shinkafa.

Shekara goma sha ɗaya, sai Baba.
Idon nan dai, cikin nan dai,
har kwanciyar a ɓarin hagu iri ɗaya.
Wannan karon aka ce sammu ne
daga wani wanzami a ƙetaren kogi.
Bappa Sanda, da ya fi kowa rantsuwa a kan sammun,
damina uku ya ƙara.

Da Yaya Marwana ya kwanta bai kai arba'in ba,
unguwa ta gama shari'a: jininsu ne.
Masu sallama da ƙannena suka ɗauke ƙafa,
tabarmar zaure ta daina tsufa.

Na so in yarda. Gado ai ba a gardama da shi.
Sai dai Labbo.
Labbo ɗan masunta ne, ko tsatso ba mu haɗa ba,
yaron da ke riƙe wa Baba ƙoƙon ruwa,
in an gama da mu a aske shi kyauta.
Ran da na ga idonsa a kasuwar kifi
sai da na zauna a kan kwando.
Wa ya raba gado har ya sa da Labbo?

A asibiti, wata likita mai tabarau ta ɗebi jinina.
Ta ce ƙwayar cuta ce, a hanta take sheƙa,
ido bai ganinta, jini take bi.
Uwa kan miƙa wa ɗa ranar haihuwa ba ta sani ba.
Aska kan ɗauko ta daga wannan kai zuwa wancan.
Takan yi shekara talatin a ɗaki ko tari ba ta yi ba.
Na ce, to me ya sa wani ke tsufa da ita,
wani kuwa ta ci shi da ƙuruciya?
Ta cire tabarau ta goge.
Ta ce, jiki da jiki akwai bambanci,
abin da aka ci ma yana sa hannu,
sauran kuwa har yanzu nema muke.

Mu bakwai aka gwada, huɗu na ɗauke da ita.
Ina ciki. Inna Kulu ma tana ciki.
A mota ba ta ce komai ba sai da muka wuce Koko,
tana kallon tafin hannunta:
"Ashe ni na ba ku?"
Na ce, Inna, wa ya sani?
Ke ma ba a kasuwa kika saya ba.

Talatar da ta wuce aka haifa mini 'ya.
Rana ba ta faɗi ba sai da aka yi mata allura a cinya,
ta tsala ihu, na ji daɗin ihun.
Jibi suna.
Na sayi reza sabuwa, tana cikin takardarta,
ni zan yi askin da hannuna.

Zabira na rataye a ƙusa, bayan ƙofa.
Ban zage ta ba.
Ita ta yi mana rufin ɗakin nan.
Dazu na shafa fatarta, ta yi laushi
daidai inda kafaɗar Baba ke goga ta.