Baƙon Bayan Isha

A Kusiri, daren da aka ɗauke wuta,
na kunna bulutut zan tura wa Zenaba hoton awaki,
sai waya ta jero mini maƙwabta sahu guda:
ga Adum Mai Shayi,
ga rediyon Abaico da ba ta gajiya,
ga wata "Sarauniyar Logon", mun san 'yar gidan wa ce, mun yi shiru.
Can ƙasa kuma wani ya tsuguna,
ba suna, ba sallama,
lambobi da haruffa kawai, ɗigo biyu-biyu a tsakani
kamar haƙoran tsohon mataji.

Da hantsi babu shi.
Bayan isha ya dawo.
Kwana tara ana haka.

Na nuna a teburin shayi.
Adum ya ce jandarmomi ne suka dasa kunne a unguwa,
tun ranar bai ƙara faɗin kuɗin fetur da ƙarfi ba.
Wani ɗan acaba ya ce na'urar bin sawu ce a cikin babur
da aka tsallako da shi gadar Ngeli ba takarda.
Abaico ya rantse daga Injamena iska ke kawo shi,
ai abin da ya fi wannan ma ya taɓa haye ruwan nan.
Matata ta ce in kashe in yi addu'a,
wanda bai kira ka ba, me ya kai ka amsawa?

Ni kuwa ƙaiƙayi ya hana ni barci.
A dare na goma na ɗora waya a tafin hannu
ina takawa kamar mai neman allura a rairayi.
A ƙofar gida ya ɓace.
A turken awaki babu shi.
Kusa da randa ya leƙo.
Na bi bango, na wuce murhu,
har bayan ɗakin Baba Alifa,
surukina, masunci, da ambaliya ta dawo da shi wurinmu,
wanda shekara shida sai an yi ihu kafin ya waiwayo.

Yana zaune kan tsohuwar koma, ya fuskanci kogi.
A bayan kunnensa wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino
yana ƙyafta shuɗin ido.
Sai na tuna: ɗansa ne ya aiko daga Garwa bara,
ya wurga a akwati,
ya ce shi ba rediyo ba ne da za a sa masa batir.

Ashe da rana yana bar mana surutunmu ne.
Sai kowa ya kwanta yake saƙalawa,
saboda kwaɗi,
saboda marin da ruwa ke yi wa cikin kwalekwale,
saboda tarwaɗa in ta juya a gindin ciyawa.
Leɓensa na motsi, yana ƙirga wani abu,
ko jiragen da suka fita,
ko waɗanda har yau ba su dawo ba.

Waya ta tambaye ni: a haɗa?
Yatsana ya tsaya a sama.
Ya ji takuna, ai yanzu yana ji.
Bai juyo ba, ya ce,
"Ruwa ya ƙaru da taƙi guda. Je ka kwanta."

Da safe Adum ya ce, to, ina labarin jandarmomin?
Na ce suna nan.
Na ce a riƙa rage murya bayan isha.