Numfashin Aro

Ƙarfe bakwai da rabi a asibitin Shika
aka turo mini Tasi'u, ɗan shekara biyar,
kilo sha bakwai a kan sikeli,
da ƙwallon roba a hannun hagu
wanda ya ƙi saki tun daga Tudun Jukun.
Na ce, "Hura balan-balan ɗin nan, mu ga ƙarfinka."
Ya hura sau shida. A na bakwai barci ya sace shi.

Sai allura ta biyu,
mai kwance jiki kamar an zare zaren ɗinki.
Ina kallo ta bi shi gaɓa-gaɓa:
fatar ido, muƙamuƙi, wuya,
yatsu suka buɗe ɗaya bayan ɗaya,
ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado.
Daga ƙarshe ƙirji ya tsaya cak.
Ni na tsayar da shi, da gangan, da lissafi,
don wuƙar likita ta sami ciki mai laushi.

Maganin nan ba ya sa barci, ba ya ɗauke zafi,
hana motsi kawai ya iya.
In yaron nan yana jin wuƙa, ba shi da bakin faɗa.
Don haka nake gadin gefen idonsa ko hawaye zai tsattsafo,
nake sauraron zuciya ko za ta soma gudu.

Tara saura kwata aka ɗauke wuta.
Kafin janareta ya gama tari
na kama jakar iska da hannu.
Matsa, saki. Matsa, saki.
A hankali, huhun yaro bai fi kofin shayi ba.
Uwarsa Hansatu na kan benci a waje,
ta naɗe takalmansa a bakin mayafi,
ba ta san numfashin ɗanta
yana tafin hannun wata 'yar Kusfa ba.

Aka ɗinke. Likita ya tuɓe safar hannu, ya fita shan ruwa.
Nasa ya ƙare, nawa yanzu ya fara.
Na ba da makarin allurar,
na ɗora 'yar na'ura a wuyan hannunsa,
na aika saƙo huɗu ga babban yatsa.
Shiru.
Jikinsa ya yi sanyi, a jiki mai sanyi magani kan yi zaman dirshan.
Muka lulluɓe shi da bargo biyu.
Sista Talatu ta dubi agogo, ta dube ni, ta kau da kai.
Minti ashirin. Ashirin da biyar.
Na sake lissafin kilo sau uku a zuci,
na karanta duk abin da kakata ta koya mini.

Sai yatsan ya motsa,
kamar ƙadangare ya gyaɗa kai a kan katanga.
Ɗaya. Biyu. Can sai huɗu cif.
Ciki ya ɗaga da kansa, ya yi tari, ya ɗaure fuska,
na zare bututu,
ya tsala ihun da ya kai har benci.
Bai ce Inna ba. Cewa ya yi, "Ina ƙwallona?"
Mai shara ya zaro shi da tsintsiya.

Da yamma, cikin cunkoson Kwangila,
na tarar da hannuna a kan sitiyari
yana matsawa, yana saki.