Abu Na Bakwai

Kwana uku ruwa yana dukan kwanon rufi a Aboabo,
lambatu ya tumbatsa har ƙofar shagon tela,
Munkaila kuma yana tari
kamar ana faskaren jiƙaƙƙen itace.

Kemis ya rufe.
Ko da bai rufe ba,
kuɗin wata tuni sun hau mota sun sauka a Kejetiya.

Sai na jawo tukunyar Gwaggo Tabawa,
mai baƙin gindi, mai kunne ɗaya,
na tsaya a kanta
kamar wanda aka tambaya hanyar garin da aka haife shi
ya kasa nunawa.

Bakwai ne, haka take cewa.
Citta, a ƙwanƙwasa ta da gindin kofi, kada a fere.
Kanumfari ƙwaya biyar,
shida idan hancin ya yi taurin kai.
Kimba, a fasa ta, sai an fasa take magana.
Masoro. Tafarnuwa sala biyu.
Lemun tsami sai an sauke daga wuta.
Zuma ba ta cikin lissafi,
zuma toshiyar baki ce ga mai shirin kuka.

Shida ke nan.
Na ƙirga da yatsu, na koma na ƙirga daga ƙarshe,
shida dai.

Shekara ashirin ina sha ina yamutsa fuska,
ban taɓa cewa, Gwaggo, me da me?
Yanzu ga ta can ƙarƙashin jar ƙasar Tafo,
ruwan nan ma yana sauka a kanta.

Na kira yayata a Nima, layi yana tsinkewa.
Darbejiya, ta ce.
A'a, wannan na sirace ne,
a lulluɓe ka da bargo ka yi gumi ka yi rantsuwa.
To ganyen gwaba? Ta yi dariya, ta yi atishawa,
katin ya ƙare.

Na ɗora shidan haka nan.
Tururi ya tashi, ya tsallake katanga ba sallama.

Can sai ga Maame Konadu mai dokunu,
leda a ka, silifa a hannu.
Ta shaƙa sau ɗaya.
Wa ke dafa maganin Tabawa babu ƙashin baya?

Ta kwance bakin zani,
ta miƙo wani abu baƙi mai kafaɗa huɗu,
gefensa ya sha gawayi,
ƙamshinsa kamar rake ya ƙone a ɗakin tsohuwa.
Mu muna ce masa prekese.
Uwata ce ta ba ta,
shekarar da ubanka ya yi tarin da ya hana layin nan barci.
Ita kuma ta biya da yadda ake dama fura.

Na karya, na jefa.
Ruwan ya yi duhu,
ɗakin ya zama ɗakin da na sani.

Munkaila ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
tawa ce sak, har da hararar.
Idan jikin bai huce ba zuwa asuba
zan goya shi asibitin Manhyia, ko da bashi.

Amma kafin barci ya ɗauke shi
na kama yatsunsa masu zafi:
faɗi, citta.
Ya ce, citta.
Muka tafi a hankali har na bakwai,
wanda ke zaune a bayan katanga.