Ƙirga a Daren Bajoga

Shekara goma sha tara ina gyaran agogo
a rumfata ta bakin tasha,
ban san tsawon minti ɗaya ba
sai daren da na ɗaga rigar Hammadu.

Sista Rifkatu ce ta koya mini
ranar da ta kawo agogonta ya tsaya:
"In yaro na tari, kada tarin ya ɗauke maka hankali.
Ɗaga riga. Dubi ƙirji. Ƙirga."

Na ƙirga.
Watansa takwas, a irin watanninsa hamsin ce iyaka.
Na samu sittin da uku.
Na ce ko agogon ne ke gudu,
na sake. Sittin da biyar.

Ƙasan haƙarƙari na lotsawa duk jan iska
kamar gorar roba da aka tsotse.
Ƙofofin hanci na buɗewa,
ga ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi
irin na ɗan dako da kaya suka fi wuyansa.
Dudu ta ba shi mama, ya kau da kai.
Bakin da ke farautar iska ina shi ina tsotso?

Goggo ta ce sanyi ne, a yi turare.
Na ɗaga kai na dubi kwanon ɗakinmu,
baƙi ƙirin da hayaƙin murhun
da muke shigowa da shi in ana ruwa.
Abin da ya yi wa kwano haka,
me ya bar wa huhun jariri?
Na ce a fita da kaskon.

Sai ya yi shiru.
Dudu ta ce, "Alhamdu lillahi, barci ya zo."
Ni kuwa na san shirun agogo.
Na haska leɓensa,
kamar an shafa masa baba.
Ba sauƙi ba ne, gajiya ce.

Babur ɗin Jauro, taɓo har gwiwa,
sai asibiti.
Suka ce ciwon huhu ne,
suka sa masa siririyar robar iska a hanci.
A gadon dama, yarinyar da gyaɗa ta sarƙe;
a hagu, mai asma, ƙirjinsa na fito kamar sarewa.
Ƙofa ɗaya, ɓarayi daban-daban.

Asuba ta uku na sake ɗaga rigar.
Arba'in da huɗu.
Ya kama yatsana, ya nemi uwarsa.

Sista, in agogon nan ya sake tsayawa,
kawo shi.
Kada ki taɓa jaka.