Abin da Muka Ba Ta Ta Sha

A garin da ake kwana da bargo biyu a watan Agusta
motata kaɗai ce ke zazzaɓi.

Akori-kura ce, fara a da,
ta girme ni da shekara huɗu.
Baba ya bar mini ita da makulli ɗaya,
da jarka mai toshin leda,
da bashin taya biyu a Dilimi.

Ran Talata, buhu ashirin na dankali daga Bokkos,
ba mu kai Mararrabar Jama'a ba
allura ta bar tsakiya, ta nufi ja kamar an kira ta.
Na kashe. Na ɗaga bonet.
Tana huci, tana tsaki,
tururi na tashi cikin yayyafi.
Mai gasa masara ta ce, "Direba, shayi ake dafawa?"

Abu guda na sani: ba a buɗe murfi da zafi.
Tabon na hannun Baba na dama, da shi aka binne shi.
Na zauna kan dutse ina jira ta huce
yadda ake jiran babba ya gama faɗa.

Kowa a Jos likitan mota ne.
Wani ya ce fasa ƙwai a ciki.
Wani ya ce garin taba.
Wani ya ce cire tamosta ka yar, kayan Turai ne,
na cire.
Na sa fanbel sabo, na sa tiyo sabo.
Ta yi kwana uku lafiya lau,
ta tafasa a bakin Farin Gada da kabeji a baya.

Sai aka ce in je wurin Davou, bayan 'yan walda,
tsohon da kunnensa ɗaya ke ji.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya zaro sandar baƙin mai, ya duba a haske.
"Bai zama madara ba. Gaskit na nan, gode wa Allah."
Ya girgiza fanka, ya saurari famfon ruwa,
ya tashe ta ta ɗumama, ya kashe,
ya bi fuskar lagireto da tafin hannu:
nan zafi, nan zafi,
nan sanyi ƙalau.
"Ruwa ba ya bin nan. Me kuke ba ta ta sha?"

Na ce, abin da aka samu.
Kududdufin kuza a Barikin Ladi, rafin Kuru,
ruwan sama a gindin dutse.
Shekara talatin Baba na tsugunawa da jarka.

Noti huɗu, ya sauke lagireton.
Ya narke dalma, ya ɗaga kan,
ya ɗauki siririn ƙarfe
ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.
Na ƙirga arba'in da ɗaya, na bari.
Abin da ya fito ba tsatsa kaɗai ba ne:
jar laka, farin yashi, wani baƙi-baƙi mai ƙyalli,
ya bi ƙarƙashin takalmina ya nufi lambatu.
Na tsaya ina kallon duk inda Baba ya taɓa tsayawa
yana wucewa.

Davou ya liƙe, ya hura, ya nutsar cikin baho.
Ba kumfa.
Ya mayar da tamostan, ya sa sabon murfi,
ya zuba koren ruwa daga galan.
"Daga yau mai tsabta. Ta tsufa, cikinta ba ya ɗauka."
Na biya rabi. Rabi sai Juma'a.

Yanzu allura na zaune a tsakiya,
ko da lodi, ko a hawa.
Jarkar na bayan kujera, daga famfo nake cika ta.

Amma in na zo Barikin Ladi,
daidai kududdufin nan mai itacen turare a baki,
ƙafata na sassauta totur da kanta.
Ba na tsayawa.
Ina dai duba allura,
in duba ruwan,
in sa giya.