Murjanin Falon Alhaji

Sati uku ina goge gilashin nan
a falon Alhaji Badamasi, bayan Ƙofar Ƙaura,
kafin na san abin da ke ciki yana da rai.
Na ɗauka dutse ne aka yi wa kwalliya.

Daga Legas ya zo, a leda, ledar a kwali.
Ruwansa ma ba irin namu ba:
gishiri nake aunawa in kaɗa,
ina haɗa teku da cokali
a garin da muke jiran ɗan garuwa.
Ɗaya ruwan hoda, ɗaya rawaya kamar alawar yara,
ɗaya shuɗi, shuɗin sabuwar buta.
Baƙi su aje lemo su miƙe,
su ce tabarkalla, su ɗauki hoto.

Ni ɗan marini ne.
Ubana Ɗantsoho ya koma ga Allah
da shuɗin baba a hannu,
masu wanka suka cuɗa har suka haƙura.
Shi ya ce mini rini ba ya son gaggawa:
a tsoma, a ɗaga, a bar shi ya sha iska,
a sake tsomawa.
Wanda ya yi ha'inci, ranar wanki za a san shi.

Ran Laraba na cire audugar tace ruwa,
na gan ta jajir.
Ban tambayi kowa ba.
Na san zuba in na gan ta.

Zuwaira, autar gidan, mai karatun halittu,
ita ta durƙusa kusa da ni ta nuna da biro:
ka ga waɗannan 'yan ramukan? Bakuna ne.
A jikinsa akwai wasu 'yan tsirrai, ido ba ya kama su,
su ke masa girki da hasken rana,
su ke ba shi kalarsa, kalar kunun kanwa.
In ya sha wuya sai su watse,
ya yi fari fat, ya kama yunwa.
Fari ba ya sayuwa,
shi ne ake tsoma shi a rini.

Na tuna ragon da aka sayar wa maƙwabcinmu a Charanchi,
an ɗura masa gishiri, ya sha ruwa ya cika ido,
kwana biyu ya koma ƙashi da fata.
Shi rago aƙalla yana kuka.

Alhaji ya buga wa mai kayan.
Daga can aka ce laifin fitilarmu ne,
ko wutar da ake ɗauke mana,
amma akwai sabbi, za a yi ragi.

Goggo Tabawa tana da murjani a ƙasan adaka,
ja, tun na uwarta,
takan ɗora shi a haƙori ta ce ka ji sanyin na gaske.
Ban taɓa tambaya ba
ko shi ma ya taɓa buɗe baki a wani ruwa.

Rawayan ya fara tafiya.
Naman ya saɓule kamar tsohon yadi,
falon ya ɗau ƙarni, aka kunna turare.
Aka ce in zubar kafin baƙi su zo.
Na sa shi a aljihu, jiƙe, ya ɓata mini riga.

Yana nan a bakin karofin ubana,
wanda aka cike da shara tun shekaru bakwai.
Rana ta gama wanke shi.
Fari ne, mai ramuka, ba nauyi,
ƙanena ya ce in kawo ya shafa masa fenti,
na ce bar shi haka.

Juma'a wani kwalin ke zuwa.
An ce wannan karon kore ne.
Na wanke bokiti, na auna gishiri.